Daga Ayarin Goro Zuwa Wayar Hannu: Hanyoyin Da Aikin Fasihan Ƙasar Jega Ya Bi

 

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a bakin sababbin marubuta, musamman waɗanda ke zaune nesa da Kano da Kaduna: mun rubuta, to ina za mu kai? Babu kamfanin ɗab'i a garinmu, babu shagon littafi na kirki, babu wanda zai duba mana aiki. Irin kukan nan ne ake ji daga mai ɗinkin hula da mai saƙar tabarma da baduku, waɗanda hannunsu ya iya aiki amma mai saye ya yi musu nisa. Ƙorafin gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Sai dai ya girme mu duka, kuma magabata sun yi fama da shi kafin mu.

Domin mu ga yadda suka yi, yau za mu tsaya a wuri guda: Jega da maƙwabtanta Aliero da Maiyama, a Jihar Kebbi. Yanki ne da bai taɓa zama cibiyar buga littattafai ba, amma shi ya haifi ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20. Abin da tarihinsa ke nuna mana shi ne, ba a taɓa rasa hanyar fitar da aiki gaba ɗaya ba, amma kuma babu hanyar da ta dawwama. Aikin da ya iso gare mu shi ne wanda ya bi hanya fiye da ɗaya, kuma aka sami wanda ya adana shi.

GARIN DA KASUWA TA GINA

Kusa da Jega akwai Gimbana, garin Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Harin da dakarun Gobir suka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan jihadi Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya koma ƙarƙashin Gwandu, ya kafa Jega wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara.

Wurin ya dace da ciniki. Jega ta faɗo a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari zai taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya kai Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Masaƙi da marini da majemi da baduku ba sa bukatar zuwa Gwanja da ƙafarsu. Falke ne ke ɗora wa jakuna baƙin zane da rawani da jar fata da takalma, ya dawo da goro. Mai sana'a yana zaune a rumfarsa, aikin hannunsa yana tafiyar wata da watanni.

Rubutu ma haka ya yi tafiya. A Gwandu, wadda ba ta da nisa da Aliero, Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya ƙare rayuwarsa a 1829, ya bar littattafai masu yawa, irin su Tazyinul Waraƙati da Liya'ul Hukkami da tafsirinsa Liya'ut Tawili, ban da waƙoƙi. Babu injin ɗab'i ko ɗaya a ƙasar a lokacin. Almajiri ne zai zo karatu, ya kwafi littafin da hannunsa, ya koma garinsu da shi, wani kuma ya kwafa daga nasa.

Mu lura cewa littafin wancan zamani aikin masu sana'a da yawa ne. Takarda daga Italiya take zuwa, ta biyo ta Tarabulus ko Masar a bayan raƙumi, yawancinta da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Akwai mai dafa tawada, akwai mai feƙe alƙalami, akwai mai kwafi da ake biyansa ladan aikinsa, akwai mai zayyana, sannan baduku ya ɗinka tadarishi da gafakar da za a saka littafin. Marubuci da mai sana'ar hannu abokan cin abinci ne tun asali, kuma ayari ɗaya ke ɗaukar kayansu.

Da yake warƙoƙin littafi a sake suke, ba a ɗinke ba, kuma kowa na iya kwafa, marubutan sun samo dabarar kare sunansu. Mai waƙa yakan faɗi sunansa a cikin baitocin ƙarshe, ya kuma saka shekarar da ya gama ta hanyar ramzi, wato haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar Hijira. Mai kwafi ma yakan rubuta nasa sunan a ƙasa, ya roƙi addu'a. Wanda duk ya haddace waƙar ya haddace sunan mai ita. Da wannan dabara muka san masu waƙoƙin da suka haura shekara 200.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ƙara wata hanyar. Ta naɗa jajis, wato dattawan mata masu jagorantar 'Yan Taru, suna zuwa wurinta daga ƙauyuka, su koyi waƙoƙinta na Hausa, su koma su rera wa matan da ba su iya karatu ba. Ita ta tsara masu kai aikinta da kanta, ba ta jira a zo nema ba.

Wani misalin shi ne Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, sannan ya bi hanyar goro ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Waƙoƙinsa na Hausa da Larabci sun zagaya zangunan Hausawa na Gana da Togo a hannun almajirai da fatake. Littafinsa kan ƙa'idar rubuta wasiƙa ya kai har Alƙahira, aka buga shi a can. Labaran da ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich kuma suka shiga littattafai a Jamus. Mutum ɗaya, hanyoyi uku, shi ya sa har yau ake nazarinsa.

Wannan hanya ta fatake ba ta ɗore ba. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasa. Ayarori suka ragu. Yadin kanti kuma ya yi ta cin kasuwar masaƙa da marina. Jega ba ta daina zama garin kasuwa ba, amma babbar hanyar da ke fitar da aikin hannu da rubutun hannu zuwa nesa ta canza wuri.

ZARIYA TA BUƊE ƘOFA, AMMA DA NISA

Sabuwar hanyar a Zariya ta ɓullo. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya sanya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. A sanadinta aka fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. In muka duba sunayen, za mu ga 'yan boko ne masu aiki a Katsina da Bauchi da Kano da Zariya. Babu ɗan Lardin Sakkwato ko ɗaya, alhali nan ne rubutun waƙa ya fi kafuwa. Gasar zube take nema cikin boko, masanan yamma kuwa gwanintarsu waƙa ce cikin ajami da Larabci. Ga kuma batun harshe: daidaitacciyar Hausar da aka zaɓa don bugawa a kan Kananci aka gina ta, don haka mutumin Jega da zai aika rubutu Zariya sai ya fara gyara bakinsa.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 ta ɗan rage nisan, domin tana buga wasiƙu da waƙoƙin masu karatu daga kowane lardi. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta kafa wa larduna jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Bazazzaga a Zariya, Zaruma kuma a Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa. Wannan ce kafar bugawa mafi kusa da mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka samu a zamanin. A 1959 NORLA ta rushe, galibin jaridun larduna suka bi ta. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, kuma shi ma littattafan makaranta ya fi mayar da hankali a kai, domin su ke da tabbacin ciniki.

AƘILU ALIYU: SUNA KAFIN LITTAFI

A cikin wannan yanayi Alhaji Aƙilu Aliyu ya tashi. An haife shi a Kyarmi ta ƙasar Jega a 1918. Karatunsa na allo ne da na zaure. Tun yana saurayi ya tafi Kano neman ilmi, daga nan ya wuce Barno, ya yi shekara ashirin da wani abu a Maiduguri yana karantarwa, kafin ya dawo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne, sai da ya kusa shekara 60 a duniya sannan aka tara waƙoƙinsa a littafi guda, wato Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya tsara, NNPC ta buga a shekarun 1970. Kafin littafin ya fito, an daɗe da sanin Aƙilu a ƙasar Hausa. To ta ina aka san shi?

Hanya ta farko ita ce dandalin siyasa. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma Aƙilu na cikin mawaƙanta. Waƙar jam'iyya a wancan lokaci a wurin taro ake rera ta, matasa su haddace, su kai ta garuruwan da mai ita bai taɓa takawa ba. Hanya ce mai faɗi, amma tana da haɗari, domin 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e. Juyin mulkin 1966 kuma ya rufe jam'iyyu, dandalin ya tafi da su.

Hanya ta biyu rediyo ce. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma a lokacin Yaƙin Basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi ta sanya waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Aƙilu na cikin waɗanda suka rubuta irin su. Shi da kansa yake rera waƙoƙinsa, da muryar da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Manomin da bai san baƙi ba yana jin sa daidai da malamin jami'a.

Hanya ta uku ƙungiya ce. A Kano an yi manyan ƙungiyoyin marubuta waƙoƙi biyu: Hikima, wadda Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranta, da Hausa Fasaha, wadda Aƙilu ya jagoranta. Mambobi sukan haɗu su karanta wa juna, a gyara wa wanda ya karya ma'auni ko amsa-amo, kuma ƙungiya ta fi mutum ɗaya saukin samun fili a gidan rediyo.

Hanya ta huɗu ita ce jami'a. Masana harshe sun neme shi, ya yi aiki tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, littafinsa ya shiga manhajar makarantu. Ta haka waƙoƙi irin su Hausa Mai Ban Haushi, wadda ke zargin masu wofintar da harshensu saboda Turanci, da 'Yar Gagara suka kai ga ɗaliban da ba a haife su ba lokacin da aka rubuta su. Duk da haka, abin da ke cikin Fasaha Aƙiliya kaɗan ne daga abin da ya rubuta. Sauran suna warwatse a kaset da kundayen digiri da takardun hannu.

Akwai abin takaici ɗaya a wannan labari, kuma ya kamata mu faɗe shi. Duk hanyoyin nan huɗu babu wadda take a Jega. Sai da ya bar gida aka ji shi, har da yawa daga masu karanta shi suna ɗaukarsa mutumin Kano.

GAMBO DA FAGEN DA BABU KOWA

Daga wannan yanki na Jega da Maiyama, a garin Fagada, aka sami wani fasihin na daban, Alhaji Muhammadu Gambo, wanda aka fi sani da mai waƙar ɓarayi. Shi makaɗi ne na baka, ba marubuci ba, amma labarinsa ya shafe mu. Bayanin da aka fi ji daga bakinsa shi ne, ya duba ya ga sarakuna da manoma da 'yan dambe kowa da mawaƙinsa, sai ya nemi fagen da babu kowa a ciki. Kaset ne ya yi masa abin da ayari ya yi wa magabata. Masu kwafar kaset a kasuwanni da direbobin mota suka kai muryarsa ko'ina, masana adabi suka yi ta nazarin azancinsa.

Amma fagen ya zo da farashinsa. Sunan ya manne masa, wasu suka riƙa ganinsa a matsayin mai zuga ɓarna, har a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya bar irin waɗannan waƙoƙi. Ya rasu a 2016, Allah ya gafarta masa. Ga marubucin yau da ke ganin labaran batsa sun fi saurin kawo mabiya a waya, akwai abin tunani a nan. Fagen da ya fito da mutum da wuri shi ne sunan da za a riƙa kiransa da shi, ko bayan ya bar fagen.

LOKACIN DA MARUBUTA SUKA ZAMA MAƊABA'AR KANSU

Zube ya daɗe yana jiran gasa. NNPC ta yi ɗaya a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980. Gwamnatin Tarayya ta yi wata, aka buga Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya da sauransu a 1982. Daga nan tattalin arziki ya taɓarɓare, tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya daga ƙagaggun labarai.

Matasa ba su jira ba. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a 1994. Tsarin mai sauƙi ne. Marubuci ya tara kuɗinsa ya kai wa mai ƙaramin injin ɗab'i. Ya raba labarin kashi biyu ko uku, cinikin na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu. Ya kai wa masu shagunan littattafai a Kano bashi, sai sun sayar su biya. 'Yan kasuwar da suka zo sarin wasu kaya daga Sakkwato da Gusau da Maraɗi su haɗa da littattafai, su isa teburan tasha da kasuwannin mako. A cikin gidaje kuma mata su riƙa ba da hayarsu. Ƙungiyar Raina Kama ta ƙara da dabarar buga sunayen littattafan mambobinta a cikin littafin kowane mamba, kowa ya zama mai tallan ɗan uwansa.

Ibrahim Malumfashi ya kira wannan harka Adabin Kasuwar Kano, yana sukar ingancinta, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare ta, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, ba a taɓa samun lokacin da mata da matasa suka rubuta Hausa suka kuma karanta ta da yawa kamar wannan ba. Har Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba ya kai Indiya, aka buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Ita ma wannan hanya ta sha matsa. Fim ɗin bidiyo, wanda ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ya janye marubuta da masu jari da yawa. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Daga baya waya ta zo ta kwashe masu karatun. Littattafai da yawa na wancan zamani yanzu sai a hannun 'yan tsirarun da suka tara su, domin bugu ɗaya aka yi musu a takarda mai araha, kuma wasu marubutan ko kwafi ɗaya ba su ajiye ba.

WAYA, DA DARASIN ALBASA

Yau yarinya a Maiyama ko Sambawa tana iya rubuta labari a wayarta da dare, kafin gari ya waye an karanta shi a Yamai da Kumasi da Jidda. Ga Wattpad da Facebook, ga zaurukan WhatsApp inda ake biya kafin a karanta, ga masu karanta littattafai a YouTube. Ga gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla, ga gasar da Cibiyar Gusau da ke Kaduna ke shiryawa, jaridar Aminiya ma ta yi tata. Mai ɗinkin hula ko mai saƙa zai ɗauki hoton aikinsa, mai saye ya gani daga Abuja, a aika masa ta motar haya. Nisan da ya fitar da Aƙilu daga gida ya ragu ƙwarai.

Sai dai kada mu ɗauka wannan karon hanyar ba za ta rufe ba. Manhajar OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kanta, ta rufe a Nuwamban 2023. Shafi yana iya ɓacewa, waya tana iya faɗawa ruwa, a wayi gari littafin shekara biyu ya tafi. Fayil ɗin da aka sayar wa mutum ɗaya yana iya zagaya zaure ɗari kyauta, wani ma ya goge sunan mai shi ya sa nasa. Masu sana'ar hannu ma sun ga irin wannan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, babbar dama ce ta baje kolin kayansu ga baƙi, amma an yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Mutanen Aliero sun san wannan matsala ta wata fuskar. Garin ya yi suna da albasa, manyan motoci na lodinta zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Lokacin da ake cire ta kowa na da ita, farashi ya faɗi. Wanda ya iya ajiya a rudu, ya kare ta daga zafi da danshi har ta yi wuya a kasuwa, shi ke cin riba. Wanda bai iya ba, ko dai ya sayar da arha ko ta ruɓe masa. Noma daban, ajiya daban, kai wa kasuwa daban. Mu marubuta mun fi ba da ƙarfi ga na farko.

Garin kuma ya yi suna da masu ɗori, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga nesa ba tare da sun yi talla a ko'ina ba. Wanda ya warke shi ke faɗa wa wani. Wannan ma tsohuwar hanya ce, kuma ba ta aiki sai in aikin ya yi kyau.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

In muka haɗa labarin duka, akwai abubuwan da za mu iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Mu riƙa saka sunanmu da shekara a cikin jikin aiki, a farkon kowane babi da ƙarshensa, kamar yadda masu ramzi suka yi, ba a bango kaɗai ba. Kada littafi ya zauna a wuri ɗaya: a ajiye shi a waya da kwamfuta da imel, a kuma buga ko kwafi 20 ne a takarda. Wanda ya buga littafi ya nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kai musu kwafin da doka ta ce. Ya kuma kai wa sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da ɗakunan karatu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006. Ɗalibin da zai yi nazarin littafin nan da shekara 30 a can zai neme shi, ba a zauren WhatsApp ba.

Mu yi ƙungiya ta ido da ido a garuruwanmu, ko ta mutum biyar ce, mu karanta wa juna, mu nemi fili a gidan rediyon jiha da sunan ƙungiya, mu yi tallan littattafan juna. Mu kuma koma ga tsoffin abokan cinikinmu. Baduku da zai yi wa littafi gafaka ta fata, da mai zayyanar da zai ƙawata bango, suna iya mayar da kwafi 50 abin kyauta da za a saya da daraja, su ma su sami sabuwar kasuwa.

Abu na ƙarshe ga 'yan uwa na Jega da Aliero da Maiyama musamman. Labaran soyayyar gidan attajirai a Abuja sun cika kasuwa. Amma ƙagaggen labari kan ayarin da ya yada zango a Jega, ko kan gidan masu ɗori, ko kan manomin albasar da ke jiran farashi da bashi a kansa, da Hausar yankin a bakin taurarinsa, fage ne mai faɗi, kuma ku kuka fi kowa saninsa. A gidajen malamanku ma akwai gafakoki da ba a buɗe ba shekara da shekaru, gara da danshi suna ci. Wanda ya sami izinin masu su ya ɗauki hoton warƙoƙin da wayarsa, ya rubuta sunan gidan da sunan mai littafin, ya sanar da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, ya yi wa adabi aikin da Ɗalhatu Muhammad ya yi wa Aƙilu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a alƙalumanmu da sana'o'inmu.